Daraktan Kabewa

Masu cewa manyan mutane sun ƙare ba su taɓa leƙa lambun unguwarmu da hantsi ba. Da sun leƙa, da sun ga Darakta. Ga shi can a fangalin farko daga ƙofa, zaune kan farar kujerar roba, ƙafa ɗaya kan ɗaya, tabarau a ƙarshen hanci, birurruka jere a aljihun gaba, yana harare-hararen ƙasar Allah kamar ta makara zuwa aiki. Mutum ne da aka yi wa baiwar tafiyar da jama'a. Ƙuruciyarsa da girmansa duk a sashen kula da ma'aikata ya ƙarar da su, inda ya ɗauki mutane, ya kori mutane, ya cilla wasu can inda ko mota ba ta zuwa, kuma har ya yi ritaya bai taɓa yin kuskure ba. Shi da bakinsa ya tabbatar mana da haka, kuma ba sau ɗaya ba.

A gabansa Darakta ake ce masa, ko Yallaɓai. A bayan idonsa kuwa Dakata-In-Gama, domin duk wanda ya buɗe baki a gabansa, ko da sannu zai yi masa, abin da zai fara ji ke nan: "Dakata in gama." Tun da muka san shi kuwa ba mu taɓa ganin ranar da ya gama ba.

Yadda lambu ya yi wannan babban rabo, ga shi. Ranar da aka yi masa taron ban-kwana a ofis, ma'aikata sun yi kuka sosai, wasu don tsananin baƙin ciki har da taka rawa. Washegari ya tashi da wuri, ya yi wanka, ya sa kaya, ya ɗauki jaka, sai a bakin ƙofa ya tuna babu inda za shi. Nan ya juyo ya ƙare wa gidansa kallo, ya gano ashe shekara da shekaru ana tafiyar da shi babu tsari. Ya fara da kicin. Ya jera tukwane bisa girman muƙami. Ya nemi Hajiya, matarsa, ta yi masa bayanin dalilin da cokula ke kwana wuri ɗaya da wuƙaƙe. Ya kafa kujera a ƙofar kicin yana sa ido kan yankan albasa, yana ba da shawara kyauta. 'Ya'yan da suka yi aure suka rage zuwa, jikoki suka koma gaisuwa ta waya. Hajiya, baiwar Allah, wadda a da gidan nata ne daga safe har la'asar, ta koma tafiya a hankali a cikin ɗakinta don kada a tambaye ta ina za ta. Kanta ya fara sarawa, barci ya ƙaurace mata.

Maƙwabciyarsu Nas, wadda ta yi ritaya daga aikin jinya, ita ta zo ta ɗaura mata abin awon jini. Ta duba, ta sake dubawa, ta cire tabarau.

"Yaya," ta ce, "maganinki ba a kanti yake ba. Fitar da mutumin nan za ki yi daga gidan nan, ko da rabin yini ne."

Nas tana da fangali a lambun unguwa. Fili ne a bayan tankin ruwa da mutane suka kewaye da waya, suka yanka shi gida-gida, kowa da ɗan wurinsa, famfo ɗaya, rumfar ajiye fartanyu ɗaya. A lokacin wani ya tashi daga unguwar, wuri ya samu. Hajiya ba ta ce wa mijinta ya je ya yi noma ba, ta san da wanda take zaune. Tana zuba masa shayi ta ce, kamar da kanta take magana, "Ikon Allah, wai lambun nan na su Nas ko shugaba ba su da shi." Darakta ya ajiye kofi. Kafin shayin ya huce yana lambu.

Lokacin sanyi ne, lokacin da kowa ke duƙe yana dasa tumatir da albasa da latas. Darakta bai taɓa fartanya ba tukuna, domin ba a fara aiki kafin a yi tsari. Taro ya kira. Ya tsaya a kan bulo kusa da famfo, ya gyara murya.

"'Yan'uwa masu lambu, na zagaya, na gani, kuma gaskiya raina ya ɓaci. Kowa na shuka abin da ya ga dama, a lokacin da ya ga dama, ba mai tambayarsa. Ku sani, ƙasa ma'aikaciya ce. Shuka ma'aikaciya ce. Ma'aikaci kuwa, na fi kowa saninsa, in ba a tsaya masa a kai ba barci zai yi. Don haka na kafa kwamiti. Ban so ba, amma tun da na ga alama a fuskokinku, na karɓi shugabancinsa."

Babu wanda ya san yana da alama a fuska, sai aka shiga duban juna. Kafin a gama duban, doka ta fito. Duk fangalin da kaka ta zagayo bai fitar da abin sawa a kwando ba, a karɓe shi a ba wani, ba sani ba sabo. Mai-Faci, wanda ke gyaran taya a bakin titi kuma fangalinsa na barkono ke bayan na Darakta, ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, to in mutum rashin lafiya ya..."

"Dakata in gama."

Aka dakata. Rana ta take, dashen da aka baro a bokiti ya fara yaushi, mutane suka ga in ba su ɗaga hannu ba a nan za su yini. Aka ɗaga. Doka ta zauna daram, Darakta ya yaba wa jama'a bisa saurin fahimta. A gida kuwa ranar nan Hajiya ta kunna rediyo ta ƙure murya, ta mayar da tukwanenta yadda suke, ta miƙe ƙafa a tsakar ɗaki ta yi barcin da rabonta da shi tun ranar ban-kwana.

Darakta ya sayo dashen tumatir masu kyau, ya jera su sahu-sahu, ya karanta musu sharuɗɗan aiki. Suka kama, suka fara kore shar, har Nas ta yi masa barka daga fangalinta. Amma idon gwani ba irin namu ba ne. Inda mu muka ga tumatir na girma, shi ya ga ma'aikata sun fara sabawa da wuri. Ya lura wasu guda biyu a kusurwa sun jingina da juna, ganyensu ya sarƙe.

"Daga nan ake fara ƙulle-ƙulle," ya ce wa duk wanda ke kusa. "Duk ma'aikacin da ya daɗe a kujera ɗaya, sai ya yi saiwa. Da ya yi saiwa kuwa, shi ke nan, ka rasa shi."

Sai ya yi musu canjin wurin aiki. Ya tuge na gabas ya kai yamma, na yamma ya kawo tsakiya, biyun nan masu ƙulle-ƙulle ya raba su nesa da juna. Da suka ɗan farfaɗo suka ɗago kai, ya sake wani canjin, don kada su ɗauka an manta da su. Nas ta leƙo tana cewa, "Yallaɓai, ai tumatir in ya kama ba a..." ta ji abin da kowa ke ji. Kafin sanyi ya wuce tumatir sun bar aiki gaba ɗaya, ko sallama ba su yi ba. Darakta ya ce dama ya lura tun ranar farko ba masu kishin aiki ba ne.

Zafi ya shigo, irin wanda mutane ke sammako su ba shuka ruwa kafin rana ta fito, su dawo da yamma su ƙara. Darakta ya shuka kuɓewa da alayyafo. Shi ba ya sammako, don ba leburanci ya zo yi ba. Ruwa alawus ne, alawus kuwa a lokacin aiki ake biyansa. Sai rana ta raba tsaka, ƙasa ta yi zafin da ba a taka ta ba takalmi, sannan zai miƙe da butar ban-ruwa yana bi ɗaya-ɗaya. Wadda ta fi tsawo ta samu cikakken kaso, gajeru su samu na ƙananan ma'aikata, su ƙara himma in suna son ƙari. Ranakun hutun ƙarshen mako kuwa babu biya, yana zuwa dai ya zauna ya sa ido a kan na mutane, amma buta ba ta motsi. Doka doka ce.

Wata safiya bayan irin wannan hutu ya tarar da kuɓewa da alayyafo sun kwanta lamo, kowa kai a ƙasa. Da wani ne, da ya firgita ya ruga famfo. Darakta ya tsaya ya harɗe hannu a baya, ya yi murmushin wanda ya ga irin wannan ba adadi.

"Yajin aiki," ya ce. "Da ni kuke zancen. Ni ba na sulhu da wanda yake kwance. Ku miƙe tukuna, sannan a yi maganar ruwa."

Ba su miƙe ba. Shi ma bai sassauta ba. Aka yi ta kai ruwa rana tsakanin shugaba da kuɓewa har ta bushe ƙarau, iska ta fara kaɗa ta tana ƙara. Darakta ya sanar da cewa ya murƙushe yajin aikin ba tare da asarar ko ɗigon ruwa ba, kuma wallahi gaskiya ya faɗa.

A nan ne hankalin Hajiya ya fara tashi. Da farko mutuwar tumatir ba ta dame ta ba, ita dai ya fita da safe ya dawo da yamma. Sai da Nas ta zo ta zaunar da ita ta tuna mata dokar da mijinta ya kafa da bakinsa. Sanyi ya wuce ba komai, zafi ya wuce ba komai, saura damina. In kaka ta zo kwandonsa wayam, za a karɓe fangalin, kuma akwai wata malamar makaranta da ta daɗe tana jiran wuri, kullum sai ta biyo ta leƙa ta shingen waya. In aka karɓe fangalin kuwa, kujerar roba gida za ta dawo, ƙofar kicin. Hajiya ta dafe ƙirji ta yi salati.

"Ki sa shi ya shuka kabewa," in ji Nas. "Ita ko a juji ta faɗi sai ta yi. Ba na jin ko shi zai iya kashe ta."

Nas ta raina Darakta. Amma dai Hajiya ta bi shawara. Da dabara ta ambata a gabansa cewa kabewa shukar manya ce, ita kaɗai ke mamaye fili ta zauna a kan kowa. Ruwan farko na sauka ya binne iri.

Kabewa ta fito. Ta yi yaɗo, ta baza ganye fankama-fankama, ta rufe fangalin har ba a ganin ƙasa. Ruwan sama bai san ranar hutu ba, yaɗon kuma ya yi yawan da ba ya tuguwa, don haka duk hanyoyin da Darakta ya saba bi suka toshe. Ya koma zagaya ta da hannu a baya yana gyaɗa kai. Duk wanda ya shigo lambu sai ya tsare shi a ƙofa ya nuna masa abin da horo ke haifarwa. Hajiya ta fara cin abinci da daɗi.

Sai fure ya fito, manya-manya, rawaya. Kowa a lambun ya san furen kabewa iri biyu ne. Akwai mace, mai ɗan ƙullutu a gindinta, shi ne zai zama kabewa. Akwai namiji, mai siririn wuya, wanda ba ya zama komai, sai dai garin da ke cikinsa ne ƙudan zuma ke kwasa su kai wa macen, in ba haka ba ƙullutun ya yi rawaya ya faɗi. Wannan ba wani ilimi ba ne, duk wanda ya taɓa shuka kabewa a bayan ɗaki ya sani. Darakta ma ya lura furen iri biyu ne, don ba a ɓoye masa komai. Ya sa ido na 'yan kwanaki, ya kammala bincike, ya tara mutane.

"Na gano ma'aikatan bogi," ya ce, yana riƙe da fure ɗaya a sama. "Ku dubi wannan. Ya sha ruwa, ya ci taki, ya sa rawayar riga ya fito da safe yana ƙyalli, da rana ya naɗe ya tafi. Me ya kawo? Ba komai! Kuma sun fi masu aikin yawa. Irinsu na sallama ba adadi a ofis, kuma ba a taɓa jin an neme su ba."

Mai-Faci ya buɗe baki, Nas ta buɗe baki, wani tsoho mai albasa har ya yar da fartanya ya taho da sauri. Duka suka sha "Dakata in gama" a jere. Daga ranar Darakta ya samu aikin da ya fi so a duniya. Kowace safiya zai bi yaɗon da ɗan almakashi, duk furen da ba shi da ƙullutu ya datse, wani tun bai buɗe ba, ya jefa a bokiti yana cewa Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Da a nan ya tsaya da sauƙi, domin Nas ma tana da kabewa, ƙudan zuma kuma ba ruwansu da iyaka, za su ɗebo daga nata su kawo wa nasa. To amma Darakta ya ga ƙudan. Ya ga wasu baƙi suna shiga fure suna fita, ba izini, ba sallama, kuma da alama da wani abu suke fita a ƙafafunsu. Ya ce wannan ai sata ce da rana tsaka. Ya je gida ya kwance gidan sauron ɗakin baƙi, ya haɗa da na ɗakin jikoki, ya kafa sanduna, ya lulluɓe fangalin ruf, ya danne gefe da duwatsu. Masu wucewa ta titi suka riƙa tsayawa suna tambaya wane ne ba shi da lafiya a lambu. Ƙullutai suka shiga yin rawaya suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Darakta ya ce sababbin ɗauka ne, ba su ci gwaji ba.

Hajiya ta ga abin ya wuce a zuba ido. Matar da rabonta da duƙawa a gona tun tana yarinya, ta fara fita da sassafe, a daidai lokacin da maigidan ke gaban madubi yana daidaita hula, aikin da ba ya ɗaukarsa ƙasa da shan shayin mutum biyu. Nas na jiranta a bakin waya da furen namiji daga nata fangalin. Hajiya ta ɗage duwatsu, ta rarrafa ƙarƙashin gidan sauronta na kanta, gwiwa na ƙara, raɓa na jiƙa mata zane, ta nemo fure mace da ya buɗe, ta goga masa garin a hankali yadda Nas ta nuna mata. Tana yi tana magana ƙasa-ƙasa.

"Ki taimake ni, 'yar nan. Ɗaya tak nake nema. Ki rufa mini asiri."

Allah ya ji ƙanta. Ƙullutu ɗaya ya kama. Ya wuce ƙwai, ya wuce dunƙulen hannu, ya fara sheƙi a ƙarƙashin ganye. Ranar da Darakta ya gan shi, sai da aka ji muryarsa daga bakin titi. Ga sakamakon rage ma'aikata! Ga amfanin tsaro! Ya raɗa wa kabewar suna Babban Jami'i. Ya matso da kujerarsa kusa da ita, yana yi mata bayanin yadda shi ma daga ƙasa ya fara. Hajiya ta dawo gida ta yi sadaka. Nas ta ce mata yanzu abu ɗaya ya rage, a bar kabewar nan ta nuna a inda take, kada a taɓa ta har kaka.

Amma wa ya isa ya ga ƙwazo irin wannan ya ƙi saka masa? Ba Darakta ba. Abin ya riƙa damunsa a rai, a ce jami'i mai wannan matsayi yana zaune a ƙasa, cikin taɓo, kafaɗa da kafaɗa da tsutsa. Ya sa rana, ya gayyaci 'yan lambu, ya sa babbar riga, ya yaye gidan sauro. Ya ajiye wani ɗan teburi mai tsawo a gefen yaɗon, ya shimfiɗa masa farin ƙyalle.

"A tsarina," ya ce, "wanda ya yi aiki sama yake yi. Ba na duba dangi, ba na duba fuska. Yau, a gabanku, na ɗaga Babban Jami'i zuwa mataki na gaba."

Ya duƙa ya tallabo ta da hannu biyu. Nas ta yi ƙara, "Yallaɓai, wuyanta!" Ya ce ta dakata ya gama. Ya miƙe, yaɗon ya biyo shi iya tsawonsa, ya tsaya. Darakta bai tsaya ba. Aka ji ƙas.

Ga shugaba tsaye da ɗanyar kabewa a hannu, koriya shar, ko girman kan jariri ba ta kai ba, ruwa na ɗiga daga inda ta karye. Ya dube ta, ya dubi jama'a. Sannan ya ɗora ta kan teburin a hankali, ya gyara mata zama, ya ce ƙarin girma dama yakan zo da rabuwa da tsofaffin abokai. A kan teburin ta zauna, rana na dukanta, ruwan ƙarshen damina na dukanta, har ta yi laushi ta zube ta gefe, ƙudaje suka karɓi ragamar aiki. Yaɗon kuma ya tsufa, ya daina fure. Nas ta sake ɗaura wa Hajiya abin awon jini, ta duba, ta naɗe abinta ta mayar jaka.

Kaka ta zo. Ranar duba kwanduna kowa ya jera nasa a gaban rumfa: barkono, kuɓewa, wake, gauta, kabewar Nas guda-guda kamar tulu. Hajiya ma ta zo, ta raɓe a bayan mata. Tun kafin ranar ta bi mutane gida-gida, kuma babu wanda bai tausaya mata ba, don kowa ya ɗanɗana yini ɗaya da Darakta, ya san abin da ake nufi da a ce kullum ne. Aka shirya za a jingine dokar a bana, kowa ya tsira. Mai-Faci aka wakilta ya faɗa.

"Ranka ya daɗe, mun shawarta, mun ga dokar nan ta kwando, da za a ɗan sassauta ta..."

"Dakata in gama!" Darakta ya hau bulonsa, jijiyar wuya ta tashi. "Na san za a zo nan. Na san akwai malalata a cikinku da ke son a rufa musu asiri. Dokar nan ita ce ƙashin bayan lambun nan. Ba za a taɓa ta ba ina raye. Wanda bai kawo ba ya fita! Ko wane ne! Ko ɗan da na haifa ne! Ko ni ne da kaina!"

Ya tsaya don a tafa. Aka tafa kaɗan. Malamar makarantar nan, wadda ba da ita aka yi shawara ba, tana tsaye a bakin waya, ta tambaya cikin ladabi, "To Baba, ina naka kwandon?"

Darakta ya yi dariyar manya. Ya bayyana mata, tun da yarinya ce, cewa fangalin shugaba hedkwata ne, hedkwata kuwa ba ta fitar da kaya, ido take sawa. Malama ta ce ta gane, amma ita dai ta ji ya ce ko shi ne da kansa, kuma jama'a ma sun ji. Jama'a suka sunkuyar da kai, don sun ji ɗin. Darakta ya sauko daga kan bulo. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya dubi fangalin, busasshen yaɗo da sanduna da teburi mai tabo, ya dubi farar kujerarsa. A gaskiya a wannan lokacin ya ba mu tausayi, don ya yi kama da tsohon da bai san inda zai je gobe da safe ba.

Sai aka ji kuka daga bayan mata. Hajiya ce, ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Darakta ya ɗan farfaɗo.

"Kun gani?" ya ce. "Ita kaɗai ta san abin da lambun nan ya rasa yau."

"Wallahi na sani," in ji Hajiya cikin kuka. "Ni ce zan same shi."

Nas ta ja Mai-Faci da tsoho mai albasa gefe, suka haɗa kai suna ƙus-ƙus. Mai-Faci ne ya kawo maganar. Ya ce shi fa ya lura da wani abu a bana: tsuntsaye sun addabi kowa a can ƙarshen lambu, amma shi da ke kusa da Darakta ko barkono ɗaya ba su taɓa masa ba. Nas ta ce ita ma haka. Ina tsuntsun da zai sauka inda mutum ke yini yana ɗaga murya yana wurga hannuwa? Suka dubi juna, suka dubi tsakiyar lambu, suka dawo.

Mai-Faci ya rusuna. Ya ce jama'a sun ga fangali ɗaya ya yi wa Yallaɓai kaɗan. Akwai wani muƙami da ya fi shi, Babban Mai Sa Ido na Lambu Baki Ɗaya. Ofishinsa a tsakiyar fili yake, inda ake hango kowa. Aikin daga safe ne har yamma, babu hutun ƙarshen mako, kuma ana buƙatar mai jawabi. Darakta ya ce zai yi nazari, domin shi ba mai kwaɗayin muƙami ba ne, kuma kafin ya kai ƙarshen maganar ya karɓa. Hajiya ta share hawaye, ta rungume Nas har sai da ta yi tari.

Washegari da wuri, kafin sabon shugaba ya iso, Mai-Faci ya je tsakiyar lambu ya tuge mutum-mutumin korar tsuntsayen da ya shekara a tsaye a wurin, ya kwance tsummokaransa, ya jefa sandar bayan rumfa, ya kawo farar kujera ya dasa a daidai ramin. Darakta ya iso cikin babbar riga, ya zagaya kujerar, ya gamsu.

"Wa ya riƙe muƙamin nan kafin ni?"

"Wani bawan Allah ne, ranka ya daɗe, marar magana. Yau da safe muka sallame shi."

"Daidai. Shiru ba ya tafiyar da aiki. Bai bar kayan ofis ba?"

Mai-Faci ya duba hannunsa. Tsohuwar malafar mutum-mutumin ce kawai ta rage, gefenta ya zare, da ɗan kashin tsuntsu a sama. Ya kaɗe ta a gwiwa, ya miƙa da hannu biyu. Darakta ya cire hularsa ya sa a aljihu, ya ɗora malafar, ya zauna, ya buɗe hannuwa zai fara jawabi.

Ta zauna masa ɗas, ko gyara ba ta nema ba.